Yadda aka san abin da ke cikin duniya ba tare da an haƙa ta ba

  Rubutun yau ya ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri ku bi shi har ƙarshe, bashi ne na zo biya.

A watan Satumba na 2023, kwana biyu bayan girgizar ƙasar da ta afka wa Maroko ta kashe mutum kusan 3000, Allah ya jiƙan su, ina cikin shiri ina karanto labarin. Na ce masana sun gano girgizar ta taso daga zurfin kilomita kimanin 20 a ƙarƙashin duwatsu. Da muka buɗe layi sai wani dattijo ya kira daga arewacin Adar, ya ce shi tsohon mai ginar rijiya ne. Ga abin da ya ce mini: "Ɗana, shekara talatin na yi ina ginar rijiya. In munka kai gaba arba'in, hitila mutuwa takai, numfashi ma da ƙyar. To wa ya shiga kilomita ashirin har ya gano muku inda abin ya taso? Ku ƴan lakwal kun cika faɗin abin da ba ku gani ba."

Na yi dariya na ce, "Baba, ilimi ne." Ya ce, "Wane iri?" Wallahi sai na rasa ta cewa, lokaci kuma ya cece ni. Gaskiyar magana ita ce tun muna kolej mushe ya zana mana duniya a allo, ya raba ta uku da Faransanci, croûte, manteau, noyau, muka haddace muka ci jarrabawa. Ba na tuna ko mutum ɗaya cikinmu ya ɗaga hannu ya tambayi yadda aka sani. Tun ranar nan na shiga karatu a kan tambayar Baba, kuma na tarar amsarta tarihi ne mai daɗi, wanda har ƙasarmu Nijar ta samu gurbi a cikinsa.

Baba yana da gaskiya

Mu fara da ba shi haƙƙinsa: ba wanda ya taɓa shiga. Ramin da ya fi kowane zurfi da ɗan Adam ya huda kai tsaye ƙasa yana yankin Kola a arewacin Rasha. An fara shi a 1970 zamanin Tarayyar Sobiyat, a 1989 ya kai mita 12262, wato kilomita 12 da ɗoriya. Faɗinsa bai wuce na ƙaramin faranti ba, kuma zafin da suka tarar a can ƙasa, wajen digiri 180, yana cikin abin da ya hana su ci gaba. Daga inda muke tsaye zuwa tsakiyar duniya kuwa kilomita 6371 ne, ya fi tafiyar Tawa zuwa Yamai sau 11. Ke nan in duniya mangwaro ce, duk haƙar da aka yi ko ɓawon ba ta huda ba.

To ta yaya aka sani? Ta hanyar saurare. Kuma wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. Mace in za ta sayi tulu a kasuwa, ƙwanƙwasa shi take yi ta kara kunne, in akwai tsaga a ciki amon zai gaya mata. Mai sayen kankana haka. Shi kansa Baba ya san ƙarar dagi tana sauyawa in an kusa dutse ko laka. Kuma duk wanda ya taɓa kwanciya a tabarma bisa ƙasa da asuba ya san ana jin dakan maƙwabta ta cikin ƙasa. Matsalar duniya ita ce ta yi girman da hannu ba ya iya ƙwanƙwasa ta. Babbar girgizar ƙasa ce ke yin wannan aikin. Idan dutse ya tsage a ƙarƙashi, motsin yana bazuwa ko'ina, ya ratsa cikin duniya ya fito a wasu nahiyoyi, inda na'urori masu tsananin ji ke rubuta lokacin isowarsa.

Igiya biyu

Motsin da ke ratsa cikin duniya iri biyu ne, kuma sai an gane su sauran labarin zai zauna.

Na farko mai turi ne. Ku duba layin famfo: na baya ya ture na gabansa, shi ma ya ture na gaba, turin ya kai har bakin famfo alhali kowa na wurinsa. Ana kiran wannan igiyar P, wato ta farko, don ita ke riga isowa. A cikin duwatsun sama tana gudun kilomita 6 a daƙiƙa guda, Tawa zuwa Yamai cikin kimanin minti ɗaya. Tana ratsa dutse, tana ratsa ruwa, tana ratsa iska.

Na biyu mai kaɗi ne. Ka shimfiɗa igiyar guga a ƙasa ka kaɗa bakinta hagu da dama, za ka ga lanƙwasar tana tafiya kamar maciji har ɗaya bakin. Wannan ita ce igiyar S, ta biyu, gudunta wajen kilomita 3 da rabi a daƙiƙa. Tana da hali guda da ya kamata a riƙe: ba ta ratsa abu mai ruwa-ruwa. Ka zuba tuwo a ƙwarya ka murɗa ƙwaryar, tuwon zai bi ta. Ka zuba ruwa ka murɗa, ƙwarya ta juya ruwan na nan tsaye, domin ruwa ba ya jan na kusa da shi ta gefe. Duk inda igiyar S ta ci karo da narkakken abu, nan tafiyarta ta ƙare.

Da yake P ta fi S gudu, tazarar da ke tsakanin isowarsu tana nuna nisan wurin da girgizar ta faru, kamar yadda muke gane nisan hadari daga tazarar walƙiya da tsawa. In tasha uku suka haɗa lissafinsu sai a san wurin. Zurfin ma da hanyarsa: wani sashe na igiyar yana miƙewa kai tsaye zuwa tasha mai nisa, wani kuma sai ya fara hawa sama ya bugi bayan ƙasa ya dawo, sannan ya biyo bayan na farkon. Jinkirin da ya yi shi ne tsawon hawa da saukar. Baba, ga inda aka samo kilomita 20 ɗin nan.

Abu na ƙarshe: igiya tana karkacewa in ta shiga wani irin dutse daban. Kamar amalanken jaki ne da ƙafa ɗaya ta sauka daga gudro ta faɗa yashi, dole ya karkata ta wajen yashin. Daga karkatar nan da sauyin gudu ake gane an shiga sabon hawa a cikin ƙasa.

Waɗanda suka fara kara kunne

Tun a shekara ta 132 wani masanin ƙasar Sin mai suna Zhang Heng ya ƙera wata tukunyar tagulla da ke nuna an yi girgiza da kuma ɓangaren da ta fito. Amma ba ta rubuta komai. Labarinmu na gaske ya fara a watan Afrilu na 1889, lokacin ko Turawan Faransa ba su iso Adar ba. Wani matashin masani a Jamus, Ernst von Rebeur-Paschwitz, ya kafa na'urori a Potsdam da wani gari don auna ɗan karkatar da ƙasa ke yi. Rana ɗaya ya ga duka biyun sun yi rawa ba gaira ba dalili. Daga baya ya karanta cewa an yi girgiza a Japan a daidai wannan lokaci. A nan aka fara tabbatar da cewa motsin ƙasa yana iya tafiyar kilomita kusan 9000 a kama shi.

Sai wani Bature da ya yi aikin binciken ƙasa a Indiya, Richard Oldham. Ya yi nazarin babbar girgizar Assam ta 12 ga Yuni 1897, kuma shi ya fara rarrabe igiyar P da S a jikin takardun na'ura. A 1906, shekarar da aka yi yaƙin Satiru kusa da Sakkwato, ya fitar da wani bayani: igiyoyin da ke ratsa tsakiyar duniya suna isowa ɗaya gefen a makare, fiye da yadda lissafi ya nuna. Ya ce lalle akwai wani abu a tsakiya da ya bambanta da dutsen da ke lulluɓe da shi. Ƙwallon mangwaron ke nan.

Bayan shekara 3, ranar 8 ga Oktoba 1909, aka yi wata girgiza kusa da Zagreb a ƙasar Kuroshiya ta yau. Wani malami mai suna Andrija Mohorovičić ya tattara takardun tashoshi ya ga abin mamaki: a wasu tashoshin igiyar P ta iso sau biyu. Ya gane cewa ɗaya ta bi ta sama, ɗayar kuma ta nutsa ta samu wani dutse mai ƙarfi inda gudu ya kai kilomita 8 a daƙiƙa, ta riga ƴar uwarta. Kamar mai mota ne da ya zagaya ta gudro ya riga wanda ya yanke ta burji. Ya lissafa iyakar tana zurfin kilomita kimanin 50 a yankinsu. Wannan ita ce iyakar ɓawon duniya da tsokarta, har yau ana kiranta Moho. A ƙarƙashin nahiyoyi yawanci tana zurfin kilomita 30 zuwa 50, a ƙarƙashin teku kuwa ɓawon bai cika wuce kilomita 7 ba.

A 1914, kakanninmu na fama da yunwar Kakalaba, wani matashi a Jamus, Beno Gutenberg, ya auna inda ƙwallon ya fara: zurfin kilomita 2900. Har yau lissafinsa bai kauce da yawa ba. Abin da ya taimaka shi ne wata inuwa. Duk lokacin da aka yi babbar girgiza, akwai wani zobe a ɗaya gefen duniya, tsakanin digiri 104 da 140 daga wurin, inda igiyar P ke ɓacewa, domin da ta shiga ƙwallon gudunta yana faɗuwa daga kusan kilomita 14 zuwa 8 a daƙiƙa, ta karkace ta fito wani wuri. Igiyar S kuwa ba a ganinta ta ratso ƙwallon sam. A 1926, shekarar da aka ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram zuwa Yamai, Harold Jeffreys na Ingila ya haɗa wannan da wasu hujjoji ya nuna cewa ƙwallon narkakke ne. Ku tuna da ƙwarya da ruwa.

Mace ce ta rufe babin. Sunanta Inge Lehmann, ƴar ƙasar Danmak, an haife ta a 1888. Ta yi karatu a wata makaranta da ake koyar da maza da mata abu ɗaya ba bambanci, abin da ba a saba ba a lokacin. Ba ta da kwamfuta, a ƙananan katuna take rubuta lokutan isowar igiyoyi, ta jera su cikin kwalayen hatsi. Da aka yi babbar girgiza a ƙasar Niyu Zilan a watan Yuni na 1929, ta lura akwai wasu raunanan igiyoyin P da ke bayyana a cikin inuwar nan da aka ce ba abin da ke isa. Wasu sun ɗauka kuskuren na'ura ne ko wani abu maras muhimmanci. Ita ta ce a'a, wani abu ne a can ciki ke maido su. A 1936 ta fitar da bayanin cewa cikin narkakken ƙwallon akwai wani ƙaramin ƙwallo. Bincike na baya, musamman na 1971, ya ƙarfafa cewa daskararre ne. Ta rasu a 1993 tana da shekara 104. Iyayen da ke cire ɗiya mata daga lakwal tun daga aji shida, ku ji da kyau.

Ga hoton da aka samu ke nan. Ɓawo siriri a sama. Sai tsoka har zurfin kilomita 2900, kuma dutse ce mai tauri, tunda igiyar S na ratsa ta. Masu cewa ƙarƙashinmu tafkin wuta ne ko'ina sun yi kuskure, sai dai dutsen yana da zafi kuma yana motsi a hankali, santimita kaɗan a shekara, kamar tsirar farce. Daga 2900 zuwa 5150 narkakken ƙarfe ne. Daga nan zuwa tsakiya dunƙulen ƙarfe ne mai zafin da ya haura digiri 5000, wanda nauyin duk abin da ke bisansa ya hana shi narkewa. Kuma kada a ce abin bai shafe mu ba: jujjuyawar narkakken ƙarfen nan ce ke haifar da maganaɗisun duniya, wanda allurar da ke nuna arewa take bi. Duk wanda ya taɓa neman alƙibla da wayarsa a baƙon wuri ya mori abin da ke zurfin kilomita 3000.

Bama-baman Sahara da tashar Torodi

Yanzu bari mu dawo kusa da gida. Ranar 13 ga Fabrairu 1960, wata shida kafin Nijar ta samu ƴanci, Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggan, cikin Saharar Aljeriya. Sau 4 ta yi a sararin sama, sannan daga 1961 zuwa 1966 ta koma In Ekker a duwatsun Hoggar, arewa da Tamanrasat, ta yi gwaji 13 a cikin dutse. Ƴan uwanmu da ke bin hanyar Tamanrasat neman aiki sun san yankin. Amurka da Sobiyat ma sun koma yin nasu a ƙarƙashin ƙasa, musamman bayan yarjejeniyar 1963 da ta hana gwaji a sama da cikin ruwa.

Bam ɗin da aka binne ba a ganinsa, amma ana jinsa, domin shi ma yana aika igiyar P da S. Kowace babbar ƙasa ta so ta san abin da abokiyar gabarta ke yi, sai aka zuba kuɗi. A farkon shekarun 1960 Amurka ta ɗauki nauyin kafa tashoshi kimanin 120 masu na'ura iri ɗaya a faɗin duniya. An yi su ne don tsaro, amma masana suka samu taskar bayanai irin wadda ba su taɓa samu ba. Da ita aka ga girgizar ƙasa tana bin wasu layuka ne, abin da ya taimaka aka tabbatar cewa bayan duniya ya rarrabu gida-gida kamar fasasshen tulu, kowane ɓangare na motsi a hankali, kuma a mahaɗarsu ake yawan girgiza.

A 1996 aka buɗe sa hannu kan yarjejeniyar hana duk wani gwajin nukiliya, aka kafa hukuma a birnin Viyana da za ta sa ido. Tsarinta ya tanadi manyan tashoshin sauraren ƙasa guda 50 a duniya, da wasu 120 na taimako. Ɗaya daga cikin 50 ɗin nan an kafa ta a Nijar, a Torodi, kudu maso yammacin Yamai kan hanyar Burkina. Na'urori ne da dama da aka binne a warwatse suna aiki tare kamar kunne ɗaya, kuma masana sun sha lissafa ta cikin waɗanda suka fi jin ƙaramin motsi a duk tsarin. Dalili kuwa, tana zaune bisa tsohon dutse mai tauri, kuma ta yi nisa da teku, wanda bugun ruwansa ke cika kunnen tashoshin gaɓa da hayaniya. Da wannan tsari aka kama gwaje-gwajen Koriya ta Arewa guda 6 daga 2006 zuwa 2017. Ni dai har na gama lise ban taɓa jin an ambaci wannan tasha ba, kuma na tabbata da yawanku yau kuka fara ji.

Abin da ke ƙarƙashin Adar

Da tashoshi suka yawaita, kwamfuta ta zo, daga ƙarshen shekarun 1970 masana suka fara haɗa dubban hanyoyin igiya su fitar da hoton cikin duniya. Kamar eko ne da ake yi wa mai ciki a asibiti: ana aika amo, ana sauraren dawowarsa, a ga jariri ba a yi tiyata ba. Inda dutse ke da sanyi da tauri igiya tana sauri, inda yake da zafi tana jan ƙafa.

Hoton ya nuna wasu manyan dunƙule guda biyu a gindin tsoka, zaune bisa ƙwallon, inda igiyar S ke rage gudu. Ɗaya na ƙarƙashin tekun Pasifik, ɗayan na ƙarƙashin Afirka, kuma tsayinsa ya kai kimanin kilomita 1000. Har yau masana na gardama kan ko zafi kaɗai ya bambanta su ko wani irin dutse ne daban.

Kusa da sama kuma, yamma da mu, daga Liptako zuwa Burkina, Mali da Gine, akwai tsohuwar saiwar dutse mai sanyi da kaurinta ya kai kilomita 200, duwatsunta sun haura shekara biliyan 2. A kanta Torodi take, kuma cikinta ake samun zinariya. Arewa da mu, ƙarƙashin Hoggar, igiya na rage gudu, alamar zafi, kuma ga tsofaffin duwatsu masu aman wuta nan a Hoggar da Ayar suna ba da shaida. Mun yi nisa da mahaɗar manyan ɓangarorin da na ambata, shi ya sa Allah ya hutar da mu daga irin abin da ya samu Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairu 2023, inda mutum sama da 50000 suka rasu. Amma Afirka ta Yamma ba ta kuɓuta ɗungurungum ba: an yi a Akara a 1939, an yi a arewacin Gine a Disamba 1983 aka rasa ɗaruruwan rayuka, kuma a Satumba 2018 ƙasa ta motsa a unguwar Mpape ta Abuja.

Mu a Adar muna zaune ne cikin wata ƙatuwar ƙwarya ta dutse da yashi da laka suka cika, wadda masana ke kira kwarin Iwillimidan, da sunan Abzinawan yankin. Ta haɗa yammacin Nijar da gabashin Mali har Sakkwato, kuma a wasu wurare kaurin cikon ya haura mita 1000. Tsakanin shekara miliyan 100 da miliyan 50 da suka wuce, teku ya sha shigowa nan yana janyewa. Shi ya bar mana farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Malbaza tun shekarun 1960, da ɓawon halittun ruwa da yara ke tsinta a duwatsun Adar, da ƙasusuwan kifi, kada da kunkuru da aka tono a In Beceten, gabas da Tawa. Cikin wannan cikon ne ake da gawayin Salkadamna da sinadarin fosfat na yin taki. Cikinsa ne kuma ruwa ke kwance a wani hawan yashi mai zurfin ɗaruruwan mitoci, can ƙasa da inda dagin Baba zai iya kaiwa.

Dabarar Oldham da Lehmann ita ce dai ake amfani da ita wajen leƙa irin wannan ciko, sai dai ba a jiran girgiza, mutum ke yin tasa. Manyan motoci ne ke dafa ƙasa da faifan ƙarfe su jijjiga ta, dubban ƙananan na'urori a jere su saurari amon da ke dawowa daga kowane hawa. Da haka ake neman man fetur, har da na Agadam a jihar Difa, wanda ya sa aka buɗe matatar kusa da Damagaram a 2011, aka kuma ja bututu na kusan kilomita 2000 zuwa gaɓar Benin. Wajen neman ruwa an fi aika lantarki cikin ƙasa a maimakon amo, amma tunanin ɗaya ne: ka auna daga sama kafin ka kashe kuɗin haƙa.

Nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Kowa a arewacin Adar ya san garin da ƴan ci-rani suka yi karo-karo shekara da shekaru don rijiya ko fanfon burtsatse, aka haƙa aka tarar da ƙura, ko ruwan ya fito da gishiri. Kowa ya san mata da ƴan mata da ke tashi tun asuba da jakai. Kuma in kamfani ya zo daga waje ya auna ƙasarmu, shi ke tafiya da hoton abin da ke ƙarƙashinta. Wanda ya san abin da ke cikin buhu shi ke yanka farashi. In ba mu da ƴaƴan da za su iya karanta irin wannan hoto, to a teburin ciniki sai abin da aka gaya mana.

Shi ya sa nake kira ga ɗalibanmu na lise, maza da mata, musamman masu son lissafi da kimiyya: akwai fagen karatu sukutum na ilimin ƙasa, kuma Nijar na bukatar masu shi. Ina kuma kira ga ɗaliban jami'armu ta Tawa su je su zauna da tsofaffin masu ginar rijiya tun suna raye. Mutum irin Baba ya san jerin ƙasar garinsu hawa-hawa, ja, fara, baƙar laka, tsakuwa, dutse, gaba nawa kowace take, da inda ruwa ke da daɗi da inda yake da ɗaci. Na'ura tana ba da gudu da lokaci, amma sai an gwada da abin da aka tono da hannu ake sanin ma'anarsu. In waɗannan dattawa suka tafi ba a rubuta ba, mun yi asarar da kuɗi ba ya maidowa.

Girgizar Maroko ta faru ranar 8 ga Satumba da ƙarfe 11 da minti 11 na dare, agogonsu da namu ɗaya. Daga can zuwa Tawa ya haura kilomita 2200. Kafin 11 da minti 16 igiyar P ta riga ta ratsa ƙarƙashin gidajenmu, wasu na barci, wasu na shan shayi a fada, ba wanda ya ji ko ɗis. Bayan kimanin minti 20 da tashinta ta ratsa tsakiyar duniya ta fito ɗaya gefen.

Baba, in wani cikin jikokinka ya karanta maka wannan, ga amsata, ko da ta makara. Ka yi gaskiya, ba su gani ba. Ji suka yi, kamar yadda kake jin dagi, suka yi shekara fiye da ɗari suna gwada jin wani da na wani har lissafi ya daidaita. Layi a buɗe yake, ka sake kira ka gaya mana yadda ƙasar garinku take tun daga baki har ruwa, mu kuma mu rubuta.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya maido matafiya gida lafiya. A gaida iyali.